Yaro ya haddace izu ashirin amma tilawarsa ba ta tafiya, ina gyaran yake?

Baban Sadik, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum. Alarammomi da malaman da ke wannan zaure, shawara nake nema a kan yaron wajena. Shekararsa 14, yana aji uku na ƙaramar sakandare. Da allo ya fara a nan unguwa, karatun Warshu, daga baya muka mai da shi makarantar hadda ta yamma inda ake karatu da Hafsu. A rubuce izu ashirin ke gare shi, daga Nasi har "wa la tujadilu" a cikin Ankabut. To amma in ka zaunar da shi ka ce ya karanta, izu biyar ɗin ƙasa ne kawai ke tafiya sumul, biyar na biye da su da dama-dama. Da an wuce Ahƙafi sai gargada: ya ja aya biyu ya kakare, ya koma baya ya sake ɗaukowa, wani lokaci ya fara a Rum ka tsince shi a Gafir. Kuma har yanzu kullum ana ƙara mashi shafi guda.

Na yi wa malaminsu magana, ya ce in kwantar da hankalina, da yau da gobe za ta zauna. Ban ƙi ta tashi ba, amma ina so in san me ake yi a cikin yau da goben. Sau nawa ake maimaitawa, a wane lokaci, kuma a tsayar da ƙari ne ko a ci gaba? Ni ba mahaddaci ba ne, amma ina iya riƙe Alƙur'ani in bi shi da ido.

Alaramma Mai Allo, Daura

Wa alaikumus salam. Baban Sadik, Allah Ya raya mana shi, Ya sa Alƙur'ani ya cece mu baki ɗaya.

Malaminsa bai faɗi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya ba ka. Yau da gobe abin da ake maimaitawa kawai take zaunarwa, kuma ba ta zaɓe. In daidai ake maimaitawa, daidai zai zauna. In gargada ake maimaitawa, gargadar ce za ta zauna daram, har wurin da yake tsayawa ya zama masa tasha, ko ya san abin da ke gaba sai ya tsaya.

Yi lissafin da kanka. Izu guda shafi goma ne a bugun Madina, mai layi 15 a shafi. Yaron da ake ƙara wa shafi kullum, kwana biyar a mako, duk mako biyu ya ɗora sabon izu. In tilawarsa ta tsoho rabin izu ce a rana, kamar yadda yara da yawa ke yi, to izu ashirin sai ya yi kwana arba'in kafin ya zagayo wurin da ya faro. Shafin da aka karanta sau goma da yamma guda, aka bayar, aka rufe, ba ya jiran mutum kwana arba'in. Izu biyar ɗin ƙasa da kake jin suna tafiya, shekaru ya yi yana tisa su, kuma yana jin su kullum a bayan liman. Na sama ba su samu ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Kai ɗaya ne ya ɗauke su duka, kulawar da suka samu ce ta bambanta. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya riga ya faɗa mana a riƙa bibiyar Alƙur'ani domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa.

Abin da za a fara yi shi ne awo, kuma kai za ka yi shi. Kowane izu sumuni takwas ne, izu ashirin sumuni 160 ke nan. Ka ware kwana goma, kullum izu biyu, ka riƙe Alƙur'ani da fensir, shi kuma ya karanta da ka. Duk inda ya ci gyara ko ya kakare, ka ɗiga alama a gefen layin. In kun gama sai ku kasa sumunan gida uku. Wanda ya wuce ba alama ko da alama ɗaya, wannan hadda ce. Mai alama biyu zuwa huɗu yana da rauni amma yana nan. Wanda ya haura huɗu, ko wanda bai iya ɗauko farkonsa sai an jawo mashi, wannan a daina kiransa hadda, ko me takardar makaranta ta ce. Kada ka yi mamaki in ka tarar izu ashirin ɗin sun koma goma sha biyu. Gara a san gaskiyar yanzu.

Daga nan ni a ganina a tsayar da ƙari cak, mako shida zuwa takwas. Sumunan gida na uku su ne za su zama "sabon karatu" a wannan lokaci, guda ɗaya a rana, a sake su kamar ba a taɓa yi ba. Ba za su ci lokaci irin na farko ba, don akwai sauran sawunsu a kai.

Yini kuma a raba shi uku. Bayan sallar Asuba, kafin shirin boko, minti 30 zuwa 40 na sumunin da ake gyarawa, lokacin kai bai ɗauki hayaniya ba. Tsakanin Magariba da Isha tilawar tsoho, izu biyu, wanda a matsakaicin tafiya kowane zai ci minti 20 ko kusa da haka. Bayan Isha kuma minti 15 na tishen abin da aka gyara cikin kwana bakwai da suka wuce, a jere, kullum a sa na yau a ciki a fitar da mafi daɗewa ya koma cikin tilawa. Wannan kaso na uku shi aka fi yin watsi da shi, kuma nan ne hadda ke zubewa, don abin da bai yi mako ana taɓa shi kullum ba bai isa a tura shi cikin zagayen kwana goma ba. Alhamis da Juma'a, da ranakun da ba boko, a ɗaga tilawar zuwa izu uku. Burin dai kada wani shafi ya haura kwana goma bai ratsa harshensa ba, in ta samu ma mako guda. Waɗanda suka sauke hadda gaba ɗaya da yawansu a kwana bakwai suke zagayowa, suna tashi daga Fatiha, Ma'ida, Yunus, Isra'i, Shu'ara, Saffat da Ƙaf. Shi da ke da kashi ɗaya cikin uku na wannan, izu uku a rana ba zalunci ba ne.

Sai batun allo. Tun da ya iya rubutu, kada a bar allonsa ya rube a bayan ƙofa. Sumunin da ya ƙi zama, a ce ya rubuta shi da ka, da tawada da alƙalami, sannan a buɗe Alƙur'ani a duba harafi da harafi, ya gyara da hannunsa, ya karanta, ya wanke, gobe ya sake. Harshe yana da wayo, yana iya zamewa ta kan wurin da bai tabbatar ba, ya haɗiye wasali, mai saurare bai lura ba. Alƙalami ba ya iya wannan. In ka zo kan "wa" ne ko "fa", dole ka rubuta ɗaya. Shi ya sa a tsangaya ba a ce mutum ya ƙware sai ya yi satu, wato rubutun Alƙur'ani da ka a allo, ya zauna a darasu an bi rubutunsa an kama masa kure. Ba na cewa yaron ya rubuta izu ashirin, amma sumuni biyu a mako cikin masu taurin kai zai iya.

Maman Hafsa, Rafindadi

Allah Ya gafarta Alaramma, Ya ƙara lafiya. Awon nan da rabon yini ba abin da zan ƙara a kansu. Inda na ɗan saɓa shi ne tsayar da ƙari cak. Yaro ɗan shekara 14 da ke cikin aji, abokansa na wucewa shi an ce ya tsaya wata biyu, sau da yawa zuciyarsa ce ke mutuwa, ya fara ganin an mai da shi baya. Kuma makarantar ba lalle ta yarda ba. Gara a je a zauna da malamin a roƙi a rage ƙarin daga shafi zuwa layi uku ko biyar. Wannan ba zai ci fiye da minti goma ba, kuma yaron zai riƙa jin yana tafiya.

Abin da nake so Baban Sadik ya duba shi ne yadda ake ɗaukar sabon tun farko, don yawancin gargada a ranar farko ake haifarta. Yara suna rufe Alƙur'ani da wuri. Ka'ida ita ce malam ya biya masa, ya maimaita a gaban malam har a tabbatar ba kure a baki. Sannan ya karanta yana kallo, da murya a fili, sau 15 zuwa 20, har ya zama idonsa na kan layi harshensa ba ya tuntuɓe ko sau ɗaya. Wanda bai iya karanta shafi sumul yana kallo ba, ba zai iya da ka ba. Bayan haka ne zai rufe, ya ɗauki aya ta farko sau biyar zuwa bakwai, ta biyu haka, sai ya haɗa ta farko da ta biyu, ya kawo ta uku, ya haɗa ukun. In ya kai ƙarshe ya ja duka sau goma. Kuma kada ya bayar a ranar. Ya kwana da shi, da Asuba ya sake ja, abin da ya rage a kansa bayan barci shi ne na gaskiya. Haddar da aka yi a ƙofar aji minti goma kafin a bayar, kafin a kai gida ta tafi.

Ka lura da wuraren da alamomin fensirinka za su taru. Za ka ga ba a tsakiyar aya suke ba, a mahaɗa suke: ƙarshen aya da farkon ta gaba, musamman ƙarshen shafi. Bugun Madina kowane shafi da ƙarshen aya yake ƙarewa, wannan yana sauƙaƙa rabo, amma yana sa yaro ya haddace shafuka a warwatse, kowane da kansa, in ya kai ƙasan shafi sai ya rasa abin da ke bayan takarda. Maganinsa, duk shafin da zai haddace ya faro daga layin ƙarshe na shafin baya, ya dire a layin farko na shafin gaba. Mahaɗar da ta riga ta lalace kuma ba sai an sake shafin duka ba. A ɗauki kalmomi uku na ƙarshen ayar da uku na farkon mai bi mata, a ja su tare sau goma sha biyar, sannan a koma aya biyu baya a taho a ratsa wurin sau uku ba tsayawa.

Alƙur'ani guda zai riƙe, bugu ɗaya, ba yau na gida gobe na masallaci jibi na waya ba. Ido yana haddace wuri, ya san wannan aya a saman shafin dama take. In ana canza bugu wannan taimakon ya tafi.

Ga kuma abin da ba a taɓo ba: yaron ya tashi da Warshu ya koma Hafsu. Wani tsayawar da kake ji ba mantuwa ba ce, harshe ne ke rigima tsakanin hanya biyu. Ya saba "yuminuna" yanzu ana son "yu'minuna" da hamza, ya saba "ƙadaflaha" a haɗe yanzu "ƙad aflaha" ne, ya saba karya wasalin ƙarshen ayoyin Wadduha yanzu an ce ya miƙe su. Duka biyun ruwayoyi ne ingantattu, amma a wannan mataki ɗaya zai riƙe. Saboda haka in zai yi rubutun allo da Alaramma ya ce, da Alƙur'anin Hafsu za a duba masa, kuma abin da zai riƙa saurare ma Hafsu. Karatun Husari, wanda aka fara naɗa cikakke a 1961, ya dace da mai koyo don a tsanake yake kuma kowane harafi na fita. Na Minshawi wanda yaro ke maimaitawa bayansa shi ma yana da kyau. Sai dai saurare share fage ne kawai, ba ya maye gurbin buɗe baki.

Na ƙarshe, kada a nemi gudu. Gudu da kansa yake zuwa, kuma shi ke zuwa a ƙarshe. Malaman tajwidi sun kasa tafiyar karatu uku, tahƙiƙi da tadwiri da hadari, kuma ko a hadarin, wanda shi ne mai sauri, maddi na asali yana nan da harakarsa biyu, gunna biyu, maddin da ya haɗu da hamza a kalma ɗaya huɗu ko biyar a Hafsu. Yaron da aka matsa wa ya yi sauri kafin lokaci waɗannan yake fara cinyewa, sai ƙarshen ayoyi. Har izu biyar ɗin da kake ganin sun zauna, gwada ka ce ya karanta su a hankali ƙwarai. In ya rikice, to kari ne ke jansa ba sani ba, su ma suna son aiki. Kuma don Allah ban da tsawa da bulala a kan gargada. Hadisin Nana A'isha ya ce mai karatu yana in'ina yana shan wuya lada biyu gare shi. Yaron da ke jiran tsawa rabin hankalinsa na kan fuskarka, ba kan aya ba.

Baban Sadik, Ƙofar Marusa

Allah Ya saka da alheri, Alaramma da Malama. Na fahimta, kuma zan je in ga malamin a kan rage ƙarin. Saura abu uku. In ya kakare ina riƙe da Alƙur'ani, in jawo mashi nan take ko in ƙyale shi? Sannan wannan tsallakawa daga Rum zuwa Gafir, ita ma maimaici ne maganinta? Kuma kamar wata nawa kafin a ga canji?

Malamin Aji, Ƙofar Ƙaura

Baban Sadik, bari in ɗauki ta farko da ta uku, ta biyun ta alarammomi ce.

Kada ka jawo mashi nan take. Ka ƙirga kamar daƙiƙa goma a zuciyarka. In bai samo ba, ce ya koma farkon ayar da ta gabata ya sake tahowa. In ya sake kakarewa, ba shi kalma ɗaya tak, ba rabin aya ba. Dalili shi ne, wannan laluben da yake yi a kansa shi ne aikin da ke ƙarfafa hadda. Masu binciken yadda ake koyo sun gwada wannan sau da yawa: wanda ya rufe littafi ya yi ƙoƙarin tunowa ya fi riƙewa bayan mako guda a kan wanda ya yi ta sake karantawa yana kallo, ko da yake na biyun ya fi jin kamar ya iya. In kana saurin jawo mashi, kai kake yin aikin, shi kuma yana koyon jira. Amma kada shirun ya yi tsawo har ya fara cusa abin da ba shi ba, don kuren da aka furta sau uku shi ma hadda ne. Da ka ji ya kama hanyar da ba ita ba, tare shi.

Tsarin da Alaramma ya kawo na tishen kwana bakwai ya yi daidai da abin da wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya wallafa a 1885 bayan ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin da ba su da ma'ana. Ya ga mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan sai ta lafa, kuma abin da aka taɓa haddacewa ya ɓace yana dawowa da ƙaramin aiki fiye da na farko. Amfanin wannan gare ka shi ne, maimaici talatin da aka raba goma da safe, goma da dare, goma gobe, ya fi talatin a zama ɗaya nesa ba kusa ba. Kuma tunda shi da abin da ba ma'ana ya yi gwajinsa, mai ma'ana ya fi zama. Kafin yaron ya fara sumuni, a ba shi minti biyar ya ji fassararsa da Hausa, ya san nan labarin mutanen gari ne da manzanni uku a Yasin, nan wasiyyar Luƙman ce ga ɗansa. Wanda ya san inda zance ya dosa ba ya ɓata a mahaɗa kamar wanda ke bin sauti kawai.

Batun wata nawa, ba wanda zai ba ka rana, amma ga yadda abin ke tafiya. Ƙwarewa ba a miƙe take hawa ba. Tuna yadda ya koyi karatu a allo. An fara da babbaƙu, yana kiran haruffa ɗaya-ɗaya, alu, ambaki, wau, zal. Aka zo farfaru, ya ɗora wasulla. Aka zo hajjatu, ya fara haɗawa. Yau in ya ga "a'uzu" ba ya ganin haruffa huɗu, abu guda yake gani. Hadda ma haka take hawa: da fari kalma-kalma yake tunowa, sai aya ta zama abu guda, sai ayoyi uku ko huɗu su manne, sai sumuni duka ya zama numfashi ɗaya a kansa, yana karanta wannan aya hankalinsa ya riga ya isa ta gaba. Wannan rigayen da hankali ke yi wa harshe shi ne abin da kunnenka ke ji a matsayin karatu mai tafiya. Wasu Amurkawa biyu, Bryan da Harter, sun ga irin wannan a wajen masu koyon aikin wayar tangarahu a ƙarshen shekarun 1890: daga haruffa zuwa kalmomi zuwa jimloli, kuma a tsakani akwai makonnin da ake aiki amma ba a ganin ci gaba. Daga baya wasu sun nuna ba kowa ke samun wannan tsaikon ba, amma duk malamin aji ya san yana faruwa.

Saboda haka kada ka auna da kunne, don kunne na yaudara, yau ka ji daɗi gobe ranka ya ɓaci. Auna da fensir. Kowane zagaye ka ƙirga alamomin izu ka rubuta a bayan littafi da kwanan wata. Zagaye biyun farko adadin na iya ƙin motsi, har ya ƙaru, don yanzu ne kake kama kurakuran da da suke wucewa. Daga na uku ko na huɗu ya kamata ya fara sauka. In an yi zagaye biyar izu bai motsa ba, ba ƙarin maimaici yake so ba, akwai abin da ya karye a cikinsa, a koma a warware shi sumuni-sumuni. Alamar da ta wuce zagaye uku a jere ba a sake cin gyara a kanta ba, a goge ta a gabansa, ya gani da idonsa.

Barci ma a lissafa shi cikin karatun. Yaron da zai tashi Asuba ya yi hadda ya wuce boko, in yana kaiwa sha ɗayan dare a kan waya, rabin aikin safiyar asara ne.

Alaramma Mai Allo, Daura

Malama, na karɓi gyara a kan layi uku zuwa biyar, matuƙar ba za a bari ya koma shafi a ɓoye ba.

Baban Sadik, tsallakawa daga Rum zuwa Gafir maimaici kaɗai ba ya maganinta, yana ma iya ƙara ta. Ayoyi ne masu kama da juna, kuma na san inda yake faɗawa. "Awalam yasiru fil ardi" ta zo a Rum, ta zo a Faɗir, ta zo a farkon Gafir. "Afalam yasiru" da "fa" ta zo a ƙarshen Gafir da kuma Suratu Muhammad. Duka biyar suna cikin izu ashirin ɗinsa, kuma farkonsu hanya ɗaya ce, a gaba suke rabuwa. A Rum, bayan "min ƙablihim" sai "kanu ashadda minhum ƙuwwatan". A Faɗir akwai wawi, "wa kanu ashadda". A farkon Gafir "kanu" ta shigo tun kafin nan, "allazina kanu min ƙablihim", sannan "kanu hum ashadda". A ƙarshen Gafir kuwa "kanu aksara minhum wa ashadda ƙuwwatan". Yaron da ya haddace kowace a watanta daban bai taɓa ganin su gefe da gefe ba, harshensa zai bi wadda ya fi tisawa ne kawai.

Maganin shi ne a jera su. Ya samu ƙaramin littafi, ko bayan allonsa, ya rubuta su ɗaya ƙarƙashin ɗaya, da sunan surar kowace, ya ja layi ƙarƙashin inda suka rabu. Sannan a gefen Alƙur'aninsa, kusa da kowace, ya rubuta da fensir sunan surorin 'yan'uwanta. Gwanayen tsangaya wannan ilimin suka fi kowa, suna ƙirga sau nawa kalma ta zo da sura kaza da yadda ta zo, suna sa alamarsa a gefen rubutunsu. Kada a ba shi jerin da wani ya tara, ya yi yawa, zai ruɗe. Wanda ya faɗa ciki da kansa shi zai rubuta. Zai gamu da su tun daga ƙasa: "sujjirat" a Takwir da "fujjirat" a Infiɗar, farkon Hadid da babu "wa ma fil ardi" sai "wal ardi", alhali Hashri da Saffi suna da ita, "futihat abwabuha" da "wa futihat abwabuha" a ƙarshen Zumar. Kai kuma lokaci-lokaci ka tambaye shi a baki, ba cikin tilawa ba: "awalam yasiru" sau nawa ta zo maka, ina da ina?

In zagaye ya fara tsabta, sai a canza irin jarrabawar, don mai farawa daga kan izu kullum farkon ne ke ƙarfi, ƙarshen na rauni. Wata rana a faro daga sumuni na biyar. Wata rana ka buɗe ko'ina, ka karanta mashi farkon aya ya ɗora, ya yi layi goma ka tsayar, ka buɗe wani wuri. Haka alƙalai ke yi a musabaƙa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa ta ƙasa tun 1986. Sannan ya samu aboki mai hadda daidai tasa su riƙa musaffa, wannan ya ja sumuni wancan ya karɓa, mai jira yana bi a zuci don kama kure.

Awo na ƙarshe shi ne sallah. Sumunin da aka gyara da safe, ya yi nafila raka'a biyu da shi bayan Isha, rabi a kowace raka'a. A tsaye, ba Alƙur'ani a hannu, ba mai jawowa. In izu ya wuce zagaye uku a jere da alamar da ba ta haura uku ba a dukkansa, kuma ya shiga sallah ya fita lafiya, a sa shi cikin waɗanda suka zauna. Ranar da sha biyar cikin ashirin suka kai haka, a mai da ƙari rabin shafi. Shafi cikakke kuma sai duka ashirin ɗin sun kai, kuma kowane izu biyar da ya ƙaru a sama, a ƙara rabin izu a tilawar Magariba.